Ba Idon Maijidda Ba Ne

A Unguwar Kanawa, cikin garin Kaduna, akwai wani yaro ɗan aji biyar. Shi ne ƙarami a gidansu, shi ya sa kowa ke ce masa Auta.

Auta yana da yaya mace, sunanta Maijidda. Bara da zafi, ciwon sanƙarau ya kama ta. Ta daɗe kwance a asibiti. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ciwon ya tafi da jinta. Tana iya magana. Sai dai ko tsawa aka yi, ba ta ji.

Ranar da za a sallame su, likita ya ce wa Mama, "Ku riƙa lura da ganinta. Ciwon nan yakan taɓa ido wani lokaci."

Maijidda ba ta ji abin da ya ce ba. Amma ta ga ya nuna idonsa da yatsa. Ta kuma ga yadda fuskar Mama ta canza. Tun daga ranar tsoro ya zauna mata a zuciya.

Da ta yi ƙarfi, aka sa ta a makarantar kurame da ke Kawo. A can da hannu ake magana. 'Yan ajinsu sun iya tun suna ƙanana, ita kuwa yanzu za ta fara. Malamarsu, Malama Saratu, ta tausaya mata. Ta ɗauki bidiyon darussa masu yawa, ta ba ta don ta riƙa koyo a gida.

Dalilin haka Baba ya samo kwamfuta ta hannu, irin ta tebur, akwatinta daban, allonta daban. Aka ajiye ta a falo kusa da taga. Kullum bayan La'asar sai Maijidda ta zauna a gabanta, tana kallon hannuwan Malama, tana kwaikwayo.

Baba ya kira Auta ya ce, "Ka ga kwamfutar nan? Ita ce kunnen yayarka yanzu. Kada ka sa mata komai, kada ka cire mata komai. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

Ya ji ɗin, amma bai riƙe ba.

Wata Asabar, Mama ta raka Maijidda kitso. Baba yana shagonsa a kasuwa. Sai ga Ila, abokin Auta, ya zo da wasan tseren mota a filashi, ɗan abin nan da ake adana kayan kwamfuta a ciki. Suka sa shi a kwamfutar.

Motar ta ƙi gudu. Ta ɗan matsa, ta tsaya. Ta ɗan matsa, ta tsaya.

"Wannan ai hawainiya ce," in ji Ila. "Direbanta ne ya tsufa."

"Direban motar?"

"Kai, ƙauyanci! Direban hoto. Wata manhaja ce a cikin kwamfuta. Yayana yakan sauko da sabo daga intanet, sai ka ga wasa yana gudu kamar iska."

"Baba ya hana fa."

"Wa zai gaya masa?"

Mama ta bar wayarta a caji. Ila ya haɗa ta da kwamfutar don su sami intanet, suka shiga nema. Shafin da ya fara fitowa yana da wani ƙaton maɓalli kore. Auta ya danna.

Can sai wani rubutu ya fito da Turanci. Auta ya fara karantawa. Rubutun yana cewa wataƙila wannan direba ba na irin wannan kwamfuta ba ne.

"Danna kawai," in ji Ila. "Kullum haka suke rubutawa."

Auta bai ƙarasa karantawa ba. Ya danna.

Allon ya yi baƙi ƙirin. Jim kaɗan sai hoto ya dawo, motar ta kwasa da gudu. Suka yi ihu don murna.

Murnar ba ta daɗe ba. Duk sanda motar ta sha kwana, sai hoton ya tsage a tsakiya. Rabin titi ya yi dama, rabi ya yi hagu, kamar an yanka takarda da reza an goce ta. Ya haɗe, ya sake tsagewa.

Ila ya miƙe. "Ni dai ana nemana a gida," ya ce. Ya zare filashinsa, ya sa takalmi, ya fice.

Auta ya goge wasan. Ya nemi direban don ya cire shi, bai san inda ya shige ba. Ya tsaya yana kallon allon. Da babu abin da ke motsi, hoton yana nan lafiya lau.

"Ta warke," ya ce a ransa. Ya kashe ta, ya rufe ta da ƙyalle.

Ran Litinin bayan La'asar, Maijidda ta zauna darasi. Auta yana tsakar gida yana wanke safarsa. Sai ya ji ƙara.

"Mama! Mama! Idona!"

Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Auta ya bi ta a guje.

Maijidda ta rufe fuska da hannu biyu.

"Hannun Malama yana rabuwa biyu," ta ce. Muryarta ta yi sama sosai, don ba ta jin kanta. "Ina kallo sai in ga yatsunta sun yanke. Na murza ido, bai daina ba. Mama, ciwon ya dawo. Ya zo ɗaukar idona."

Mama ta dubi allon. Maijidda ta riga ta tsayar da bidiyon. Ga Malama Saratu nan tsaye cik, hannunta lafiya. Mama ta mayar da shi farko, ta kunna. A wurin Malama murmushi kawai take yi, tana gaisuwa a hankali. Babu abin da ya tsage.

"Ni ban ga komai ba," in ji Mama. Ludayin ya faɗi daga hannunta. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Maijidda ta fizge wayar wuta daga bango. Ta ce kada kowa ya sake kunna ta.

Da Baba ya dawo, Mama ta gaya masa. Ya zauna bai cire ko hula ba. Sannan ya juyo.

"Auta, kai da kake kusa da ita kullum, ka taɓa ganin wani abu a allon nan?"

Auta ya kalli ƙasa. Ya tuna titin da ya rabu biyu. Ya tuna gargaɗin Baba.

"Ban taɓa gani ba," ya ce.

Baba ya gyaɗa kai. Bai ƙara tambaya ba.

Washegari Baba ya je asibitin ido. Mutane sun yi yawa, sai aka ce su dawo mako mai zuwa.

Gidan ya zama kamar gidan makoki. Maijidda ta daina zuwa makaranta. Ta shige ɗaki, ta saki labule. Kuka ya sa idanunta suka yi jawur, suka kumbura. Duk wanda ya gan su sai ya ce lallai akwai ciwo. Maƙwabta suka riƙa shigowa jaje. Mama takan ɗora tukunya ta manta ba ta sa gishiri ba. Baba ya daina sauraron rediyo.

Auta ma abinci ya daina wuce masa. A makaranta ya ja Ila bayan aji.

"Yayata tana zaton makancewa za ta yi. Kuma kwamfutar ce."

"To ka yi shiru mana," in ji Ila. "Likita zai duba, ya ce lafiyarta ƙalau. Shi ke nan magana ta mutu. In ka faɗa, har ni za a dake."

Auta ya ga kamar dabara ce. Ya ci gaba da yin shiru.

Ran Juma'a aka tashi su Auta daga makaranta da wuri. Da ya shigo gida, ya tarar Mama ta leƙa maƙwabta. A tsakar gida akwai kurfoti cike da garwashi, da butar ruwa tana tafasa a kai.

Sai ya ga Maijidda. Ta ɗaure idanunta da ɗankwali. Tana tafiya a hankali, tana shafa bango da hannu ɗaya. Ta saki bangon, ta miƙa hannuwa gaba. Kurfotin take nufa.

"Yaya!" Auta ya ƙwala ihu. "Yaya, wuta!"

Ba ta ji ba.

Ya ɗaga hannu yana kaɗawa, yadda suka saba kiran ta. Ba ta gani ba.

Ya yar da jaka ya ruga. Ya fizgo ta daidai lokacin da ƙafarta ta bugi kurfotin. Butar ta kife. Ruwan zafi ya watsu, ya sami bayan ƙafarta. Ta ƙwalla ƙara, suka faɗi tare.

Auta ya ja ta bakin famfo, ya sakar mata ruwan sanyi a ƙafar. Ya kwance ɗankwalin.

Maijidda ta dube shi. Ba ta ma kalli ƙafar ba.

"Koyo nake yi," ta ce. "Gara in saba tun yanzu."

Ta kama hannunsa ta riƙe gam.

"Auta, idan na daina gani, yaya za ka yi ka kira ni? Ba na ji, ba na gani. Yaya zan san Mama ce ta shigo? Ni kaɗai zan zauna a cikin duhu?"

Auta ya fashe da kuka. Kuka mai ƙarfi, har Mama ta jiyo daga maƙwabta ta shigo a guje. Ana cikin duba ƙafar sai ga Baba ya dawo daga masallaci.

"Me ya faru? Wa ya ƙone?"

Auta ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ba idonta ba ne. Kwamfutar ce. Ni na ɓata ta. Na sa wasa, na sa mata sabon direba. Tun ran Asabar na ga hoton yana tsagewa. Ƙarya na yi maka."



Auta ya jira mari. Marin bai zo ba. Baba ya dube shi kawai, irin kallon da bai taɓa yi masa ba.

"Ba ni za ka gaya wa ba," in ji Baba. "Ɗauko allonta da alli."

Auta ya ɗauko ɗan allon da suke yi mata rubutu. Ya rubuta: "Ba idonki ba ne. Kwamfuta ce. Ni na ɓata ta."

Maijidda ta karanta. Ta girgiza kai. Ta zaci lallashinta ake yi.

Baba ya ɗauke ta cak ya kai ta falo. Ya jona kwamfutar, ya kunna bidiyon. Wannan karon suka bar shi ya yi nisa. Malama ta gama gaisuwa, ta shiga darasi, hannuwanta suka fara sauri. Sai ga layi ya ratsa allon. Yatsun sama suka goce daga tafin hannu.

"Ga shi nan!" in ji Baba. Ya dangwala yatsa a allon, ya nuna idonsa, ya nuna allon. "Ni ma na gani! Ni ma!"

Mama ta zame ta zauna a ƙasa. "Alhamdu lillahi," take ta faɗa, hawaye na zuba.

Maijidda ta kalli Baba, ta kalli Mama. Ta sauke numfashi mai tsawo. Sannan ta juyo ta kalli Auta.

"Ka sani?" ta ce. "Duk kwanakin nan, ka sani?"

Auta ya gyaɗa kai.

Ta juya fuskarta bango. Ga wanda ba ya ji, juya fuska toshe kunne ne. Babu hanyar da Auta zai ba ta haƙuri.

Aka kai ta aka wanke ƙunar, aka ɗaure. Ba ta yi zurfi ba, amma an ce za ta bar tabo.

Da safe Baba ya ce, "Ɗauki akwatin. Kai ka ɓata, kai za ka kai ta."

Suka hau keke mai ƙafa uku zuwa Kawo, akwatin yana kan cinyar Auta, allon yana hannun Baba. Kusa da tasha akwai shagon Anti Gloria, 'yar maƙwabcinsu, mai gyaran kwamfuta.

"Sannu da zuwa, Baban Maijidda. Me ya same ta?"

"Ga mai bayani nan," in ji Baba.

Auta ya faɗi komai, kansa a ƙasa. Anti Gloria ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba.

"Da ka zo ranar, da tuni an wuce wurin," ta ce. "Matso kusa."

Ta fara kwafe bidiyoyin Malama zuwa wani wuri, kada su salwanta. Ta jona allon da tata kwamfutar, hoto ya fito sumul. Ta duba wayar da ke haɗa allo da akwati, ita ma lafiya.

"To, allo ba shi da laifi."

Ta kwance murfin akwatin. Ta nuna masa wani falle mai ƙaramar fanka a jiki.

"Wannan shi ne katin hoto. Bidiyo hotuna ne masu yawa, suna bin juna da sauri. Kati ya zana, allo ya nuna. Ka taɓa ganin mata biyu suna lugude a turmi ɗaya?"

"Na taɓa."

"Wannan ta ɗaga taɓarya, wannan ta sauke. In ɗaya ta yi gaggawa fa?"

"Sai su gwabza."

"Yauwa. Direba shi ke gaya wa kati yadda zai yi aiki. Wanda ka sa ba nasa ba ne. Shi ya sa kati yake turo sabon hoto tun allo bai gama nuna na baya ba. Sai ka ga rabin tsoho a sama, rabin sabo a ƙasa. Tsagewar ke nan."

Ta miƙa masa maus, ɗan abin da ake dannawa. "Kai za ka yi. Amma duk rubutun da ya fito, ka karanta mini shi da ƙarfi har ƙarshe, kafin ka danna."

Ta nuna masa inda direban ya ɓuya. Suka cire shi kakaf, suka kashe kwamfutar suka kunna. Auta ya karanta sunan katin da lambarsa. Suka shiga shafin kamfanin da ya ƙera shi, suka sauko da direban da ya dace. Suka sake kashewa suka kunna. Daga ƙarshe ta buɗe saitin katin, ta nuna masa wani ɗan gurbi.

"Kunna wannan. Shi ke sa kati ya jira allo ya gama, kafin ya turo wani hoton."

Suka sa bidiyon Malama, wurin da hannuwanta suka fi sauri. Auta ya ƙura ido har ya ji yaji. Babu layi. Babu tsagewa.

A hanyar dawowa Baba ya ce, "Babu kai babu wasa a gidan kowa sai an yi hutu. Kuma zan je in ga mahaifin Ila."

"To, Baba."

Ranar da asibiti suka ba su, aka kai Maijidda duk da haka. Likita ya duba ya ce idanunta garau suke. Ta koma makaranta, ta koma darasinta na La'asar. Amma in Auta ya shigo falo, sai ta kau da kai. Wannan ya fi masa bulala ciwo.

Wata rana ya roƙi Mama ya bi ta ɗauko Maijidda. Ya sami Malama Saratu a bakin aji, ya gaishe ta.

"Malama, don Allah yaya ake ba da haƙuri da hannu?"

"Kai ne Auta?" ta ce. "Na ji labarinka."

Ya sunkuyar da kai.

Ta dunƙule hannunta na dama, ta ɗora a ƙirji, ta zagaya shi a hankali. "Haka ake yi. Amma hannu kaɗai ba ya isa. Fuskarka za ta kalla. In ba har zuci ba ne, za ta gane."

Da suka koma gida, Auta ya tsaya a gaban yayarsa. Ta juya dama, ya bi ta. Ta juya hagu, ya bi ta. Sai ta rufe ido.

Bai tafi ba. Ya tsaya har ƙafarsa ta gaji.

Da ta buɗe ido ta gan shi a wurin. Ya dunƙule hannu, ya ɗora, ya zagaya. Hawaye suna bin kumatunsa.

Maijidda ta kalli hannunsa.

"A ciki ka sa," ta ce. "Ka zama kamar mai jin yunwa."

Ta kama hannun ta ɗaga shi zuwa ƙirjinsa. "Nan ne."

Ya sake yi. Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ta kasa. Dariya ta ƙwace mata. Mama ta leƙo daga kicin, don rabon da a ji wannan dariya a gidan an daɗe.

"Na yafe," in ji Maijidda. "Jawo kujera. Tun da ka fara, sai ka koya duka."

Baba yana bakin ƙofa yana kallonsu. Ya dafa kan Auta.

"Ka ga kwamfuta? Kafin azahar aka gyara ta. Amma dubi abin da shirunka ya jawo. Kowa yana kuskure, Auta. Ɓoye shi ne ke mayar da shi masifa."

Daga ranar Auta bai ƙara taɓa abin da aka hana shi ba. In kuma ya yi ɓarna, ko kofi ya fasa, da bakinsa yake zuwa ya faɗa. Ya gane cewa faɗan da za a yi maka don ka faɗi gaskiya bai kai zafin da wani zai sha don ka ɓoye ta ba.